Baje kolin littattafai na Jidda: me ya cancanci saye, wace rana, kuma yaya za a kai su gida?

Abu Safwan (Madina): Assalamu alaikum malamai da iyayenmu. Baje kolin littattafai na Jidda yana tafe a Disamba, kuma ɗaliban da suka zo bana da yawa suna son zuwa. A ce mutum yana da riyal dubu ɗaya da rana ɗaya tak. Ta ina zai fara? Wasu na cewa a je ranar buɗewa, wasu na cewa a jira ranar rufewa saboda ragi. Muna neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Injiniya Bashir (Riyad): Wa alaikumus salam. Hukumar Adabi da Ɗab'i da Fassara ta Ma'aikatar Al'adu ita ke shirya na Riyad da na Jidda da na Madina, don haka tsarinsu kusan ɗaya ne. Na Riyad ya fi girma, yana zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kwana goma. A 2023 da 2024 a Jami'ar Sarki Saud aka yi shi, Oman ce babbar baƙuwa a na farko, Katar a na biyu. Na Jidda a babban zauren taro na Superdome ake yi tun 2022, can arewacin gari kusa da filin wasa na Jauhara. Wanda zai taho daga Madina a jirgin ƙasa na Haramaini ya sauka a tashar filin jirgin sama, ba Sulaimaniyya ba, domin Sulaimaniyya tana cikin gari, sai ya sake biyan mota ya koma arewa cikin cunkoso. Tafiyar kusan awa biyu ce. A duba shafin hukumar kafin a fito, saboda rajistar shiga da jerin maɗaba'un da lambobin rumfunansu. Ranar Juma'a ba a buɗewa sai bayan an sauko daga masallaci.

Malam Habibu (Madina): Abu Safwan, kafin maganar rana, a gyara wata fahimta. Wanda ya bar Madina ya biya jirgi zuwa da dawowa don neman ragi a kan littafin da ke cikin shagunan kusa da jami'a, asara ya yi. Mu yi lissafi. A ce littafi riyal 400 ne a jerin farashin maɗaba'a, an rage kashi 25, ya dawo 300. Idan farashin bai ƙunshi harajin kashi 15 ba, da an ɗora shi ka biya 345. Shago a Madina yana sayar da shi 360, kuma idan ka tarar da aibi gobe za ka mayar masa. Ribarka riyal 15 kenan, ba a cire kuɗin mota ba.

Abin da ake zuwa nema shi ne littafin da shago ba ya kawowa: na maɗaba'un Maroko, Tunis, Aljeriya, Muritaniya, ƙananan maɗaba'un Masar da Jodan, da littattafan da jami'o'i da cibiyoyin bincike suke bugawa ba don kasuwa ba. Mu da muka taso a kan fiƙihun Malikiyya wannan ya fi shafarmu. Darul Garbil Islami ita ta fito da Zakhira ta Ƙarafi da Nawadir na Ibn Abi Zaid da Bayan wat-Tahsil na Ibn Rushd, kuma ba kullum ake samunsu a shagunan nan ba. Markaz Najibawaihi ta Alƙahira ita ma ta yi hidima sosai a littattafan mazhabar. Saboda haka kuɗinka kashi biyu cikin uku ka ware su ga irin waɗannan rumfunan. Maɗaba'un gida kamar Darul Minhaj ta Jidda, Dar Ibnil Jauzi da Maktabatur Rushd suna nan duk shekara, ba gudu za su yi ba, sai dai in sabon bugu ne da ka matsu da shi.

Abu Safwan (Madina): Allah ya saka da alheri Malam. To ranar fa?

Injiniya Bashir (Riyad): Ni a ganina kwana biyun ƙarshe. Maɗaba'ar da ta taho daga Beirut ko Kasabalanka ta riga ta biya kuɗin dakon kaya, kuma mayar da kwali gida wani kuɗin ne. Gara ta sayar da sauƙi ko ta sallama wa wani shago a sari. A daren rufewa ne ake yin ciniki na gaskiya, musamman ga manyan littattafai masu mujalladi da yawa, don su ne nauyin.

Malam Habibu (Madina): Injiniya, ragin gaskiya ne, amma a kan me? A kan abin da ya rage. Rumfar Magrib takan kawo kwafi uku ko biyar na littafi mai wuya, kuma masu shaguna da ma'aikatan ɗakunan karatu suna zagayawa tun ranar farko da jeri a hannu, su kwashe. Wanda ya zo ranar tara zai samu ragi mai yawa a kan littafin da ba shi ya zo nema ba. Ranar buɗewar ma ba ita ba ce, domin wasu kwalayen ba su iso ba tukuna, wasu rumfunan ana kan jerawa. Rana ta biyu ko ta uku ita ce ta mai neman wani littafi takamaimai.

Alhaji Tukur (Jidda): Akwai wata matsala a daren ƙarshe da ba a ambata ba. Idan ka sayi mujalladi goma sha biyar da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ka buɗe a gida ka tarar na bakwai guda biyu ne babu na takwas, wa za ka kama? Da safe an kwance rumfa, mai ita yana filin jirgi. Wanda yake Jidda ko Makka yana iya zuwa sau biyu, ya duba da farko ya yi ciniki a ƙarshe. Ɗan Madina mai rana ɗaya ya bi maganar Malam Habibu.

Injiniya Bashir (Riyad): Na yarda da wannan ga mai rana ɗaya. Amma ga littattafan da kowace rumfa take da su, ƙamus, nahawu, shahararrun sharhohi, har yanzu ina kan bakana, a jira ƙarshe. Kuma akwai hanya ta tsakiya: ka biya wani abu a rana ta biyu a ajiye maka, a rubuta sunanka a kwalin, ka karɓi takarda mai hatimi da lambar wayar mai rumfar. Ɗan'uwa da ke Jidda ya karɓo maka. Ba kowa ke yarda ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Ustaz Nuhu (Madina): Malam Habibu, ƙara mana bayani a kan bambance bugu. Littafi ɗaya sai ka gan shi a rumfa huɗu, wannan mujalladi uku, wancan takwas, farashi ya ninka sau biyar. Yaya mutum zai gane na kirki a tsaye cikin cunkoso?

Malam Habibu (Madina): Minti biyar sun isa idan ka san inda za ka buɗe. Kada ka fara da bango, zinaren da ke jikinsa ba ya nuna komai. Ɗauki mujalladi na farko ka je gabatarwar mai tahƙiƙi, wato wanda ya tace littafin daga rubuce-rubucen hannu. Nemi inda ya siffanta rubuce-rubucen hannu da ya dogara da su: guda nawa ne, a wane ɗakin karatu suke, wace lamba, wa ya kwafa, a wace shekara, wanne ya ɗauka a matsayin uwa kuma don me. Bayan wannan ya kamata ka ga hotunan shafin farko da na ƙarshe na kowanne. Idan abin da ya ce kawai shi ne ya gwada da "ingantattun kwafi" bai faɗi ko ɗaya ba, to tsohon bugu ya sake bugawa a kwamfuta, ya gaji kurakuransa ya ƙara nasa.

Daga nan buɗe tsakiyar mujalladi na ƙarshe ko na kusa da shi, ba na farko ba. Masu aikin gaggawa sukan ƙawata shafi hamsin na farko, sannan hashiya, wato bayanin ƙasan shafi, ta bushe. Duba ƙasan shafi: akwai bambance-bambancen kwafi da alamominsu, alif da ba da jim? Ko kuwa tarihin Imamu Malik da Abu Huraira ne aka cika rabin shafi da shi? Wannan na biyun shi ke mayar da mujalladi uku su zama takwas, kai kuma ka biya kuɗin takarda da na dako. Sai ka karanta sakin layi ɗaya daga babin da ka haddace ko ka karanta a gaban malami. Kuskure biyu a shafi ɗaya ya isa hujja, ajiye shi.

Fihirisa kuma, wato jerin da ke nuna shafin da kowane abu yake, kada a raina ta. Littafin tarihin malamai da maruwaita ko na fatawa mai mujalladi goma ba tare da fihirisar sunaye da mas'aloli ba, wahala ka saya. Tambayi mai rumfa ko mujalladin fihirisa yana cikin farashin, don wasu suna sayar da shi daban.

Abu na ƙarshe, rubutun "sabon bugu, an tace an ƙara" a bango. Gwada adadin shafuka da na bugun baya. Idan 612 ne a can, 612 ne a nan, kuma babu sabuwar gabatarwa da ta faɗi abin da aka gyara, to maimaici ne, bango kawai aka sauya. Ba laifi ba ne a saya, amma mai tsohon ba ya bukatarsa.

Ustaz Nuhu (Madina): Wannan ya warware. Masu rubuta risala, wato kundin digiri, kuma su lura da bugun da sashensu ya saba ambata. Wanda ya sayi wani bugu daban, lambobin shafinsa ba za su dace da na mai duba aikinsa ba, sai ya koma ɗakin karatu yana sake bin kowace hashiya.

Usman Mai Wurno (Jidda): Salamu alaikum jama'a. Ina so in ƙara batun jabu, domin yana shigowa har irin waɗannan wurare duk da sa idon da ake yi. Littafin da aka ɗauki hotonsa aka sake bugawa yana da alamu. Harafin yana kumbura, wasulla suna cuɗewa da ɗigo, ƙananan haruffan hashiya suna dushewa. A gefen ciki wani lokaci za ka ga inuwa baƙa siririya, inuwar naɗin littafin asali ce. Girman rubutun ma yakan ragu kaɗan, farin gefe ya yi faɗi. Idan littafin Beirut ne amma kana ganinsa a rumfar da ba ta maɗaba'ar ba kuma ba ta wakilinta ba, a kashi ɗaya cikin uku na farashi, to ka tsaya. Lambar littafi ta duniya da ke bayan bango ba hujja ba ce, ita ma hotonta ake ɗauka.

Wanda yake neman ayyukan malaman Sakkwato kuma ya leƙa rumfunan Sudan da na Maroko, kada ya tsaya a manyan maɗaba'u. Littafin Bayan Wujubil Hijra na Shehu Usmanu, wanda Fathi al-Masri ya yi wa tahƙiƙi, Maɗaba'ar Jami'ar Khartum ce ta fitar da shi a 1978. Irin waɗannan tsofaffin bugu a wurin masu tsofaffin littattafai ake dacewa da su. A Khartum kasuwar Mafrush da ake shimfiɗawa a dandalin Atine ranar Talatar farkon wata ita ce matattararsu, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa harkar. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Masu rumfunan Sudan da suke iya zuwa yanzu suna cikin ƙunci, wanda ya samu abin da yake so a wurinsu kada ya matsa musu da ciniki.

Alaramma Idi (Makka): Amin ya Allah. Malam Usman ka yi magana. Ni tambayata ta Alƙur'ani ce, don ana yawan aiko mana daga gida a sayo. A sani cewa Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana buga ruwayar Warshu da Ƙaluna da Duri ban da Hafsu, kuma ita ta buga tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Ɗan Madina ba ya bukatar zuwa Jidda don wannan. Abin lura shi ne mai sayen Warshu ya buɗe ya duba rubutun. Wanda ya tashi a allo ya saba da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama. Akwai bugun Warshu na wasu maɗaba'u da aka yi da ɗigon gabas, tsoho a gida ya karɓa ya kasa sakewa da shi. Lambobin ayoyi ma sun bambanta da na Hafsu, saboda ƙirgar Madina ake bi, don haka kada a ɗauka kuskuren bugu ne.

Alhaji Tukur (Jidda): Yanzu ga nawa fannin, nauyi. Ɗalibai suna lissafin riyal su manta da kilo. Mujalladin da aka saba, santimita 17 a 24, takarda mai giram 70, kowace warƙa tana kusan giram uku. Shafi 500 warƙa 250 ne, kusan giram 715, ka ƙara bango mai kauri ya tasam ma giram 900. Mujalladi goma sha biyar kilo goma sha uku da rabi kenan. Jakar jirgi mai kilo 23, in ka cire kilo huɗu na ita jakar, mujalladi ashirin ko ashirin da ɗaya take ɗauka, babu riga ko ɗaya a ciki. Takarda mai ruwan madara da ake kira shamwa ta fi daɗin ido, amma in mai giram 80 ce nauyi ya ƙaru. Jirgin Haramaini shi ma yana da iyakar kaya, babbar jaka ɗaya da ta hannu, ba a shiga da kwalaye barkatai. A yi wannan lissafin kafin a biya, ba a bakin tasha ba.

A cikin zauren, a zo da akwati mai taya. Ledar da rumfa ke bayarwa hannunta yana tsinkewa a mujalladi na biyar. Kuma kada a sayi mai nauyi da farko a yi ta jansa awa shida. Ka biya, ka duba, ka bar shi a rumfar da rasit a hannunka, ka ɗauki hoton lambar rumfar, ka tattara a ƙarshe kafin fita.

Dubawar nan kuma a gaban mai rumfa ake yinta. Yage ledar, jera mujalladan a kan teburi ka ƙirga lambobin da ke gadon bayansu, sannan ka buɗe shafin farko na kowanne, domin akan manna bangon na takwas a kan cikin na bakwai. Ana buga littafi ne malzama-malzama, kowace shafi 16, shi ya sa aibin yake zuwa da sha shida: ko su ɓace, ko su maimaitu, ko su zo a kife, ko fari fat. Riƙe littafin ka sake shafukan da babban yatsa a hankali kana kallon lambobin sama. Daga 128 ka ga 145, malzama ta faɗi. Mujalladi goma sha biyar minti goma ne. Mai rumfar kirki ba ya jin haushin wannan.

Ustaz Nuhu (Madina): Alhaji, ɗinki da gam fa? Wasu littattafan tun kafin a kai gida suke zubar da shafi.

Alhaji Tukur (Jidda): Buɗe tsakiyar malzama, in ka ga zare to ɗinki ne, zai daɗe. In ka leƙa saman gadon bayan ka ga warƙoƙi a yanke ɗaya-ɗaya cikin gam, wannan zafi ne maƙiyinsa. Gam ɗin yana laushi a but ɗin motar da ta yini a rana, in ya huce ya bushe ya tsage. Kada a bar littafi a mota. Ga mai aikawa gida ta kago: kwali mai bango biyu, kada ya wuce kilo ashirin, don wanda ya fi haka jefa shi masu dako suke yi. A shimfiɗa littattafan a kwance, gadon bayan wannan yana kallon bakin wancan, a cike gurbi da takarda har kwalin ya daina motsi. A sa babbar leda a ciki kafin a zuba, musamman in ta ruwa za a aika, domin laimar Jidda da ta kwantena tana sa shafuka su yi kumburi su kama fumfuna. A rubuta suna da lambar waya a gefe biyu da kuma takarda ɗaya a ciki. Kuɗin kilo yana sauyawa, a tambayi wurare biyu ko uku, a kuma tambaya ko farashin har Kano ne ko a Legas za a sauke. Kwafi talatin na littafi ɗaya kuma ba kayan ɗalibi ba ne a idon kowa, kayan kasuwa ne, hukuncinsa daban.

Ummu Khalil (Makka): Assalamu alaikum. Malamai, duk maganar ta tafi a saye, alhali rabin baje kolin ba saye ba ne. Akwai zaman tattaunawa da marubuta, daren waƙa, bita ta rubutu da fassara, da sashen yara. Ɗalibin da ke koyon Larabci ya zauna awa ɗaya yana jin masana suna muhawara a kan fassara ko tahƙiƙi, ya ji yadda ake gina hujja da baki, wannan ba ya samuwa a cikin kwali. Jadawalin yana fitowa kafin buɗewa. A zaɓi zama ɗaya, a gina ranar a kansa, a isa minti ashirin kafin lokaci. Bita kuma kujerunta ƙidayayyu ne, rajista ake yi tun da wuri.

Wurin sa hannu yana ruɗa mutane. Marubuci yana da sa'arsa a dandalin sa hannu, kuma littafin a rumfar maɗaba'arsa ake saye tukuna a zo da shi. Wanda ya shiga layi hannu wofi zai kai gaba a ce ya koma. Idan shahararren mai ƙagaggun labarai ne, hanyoyin da ke kusa duk suna toshewa, mai neman wani abu daban ya kauce wa sashen a wannan sa'ar.

Malam Habibu (Madina): Hajiya, ban ƙi ba, amma mai rana ɗaya da jerin littafi ashirin ba shi da awa biyu na zama. Yawancin zaman ma akan ɗora su a intanet daga baya. Littafin da ya ƙare kuwa ya ƙare.

Ummu Khalil (Makka): Malam, wanda aka ɗora ba ya amsa tambaya. Kuma bayan an tashi ne ake samun mai tahƙiƙin ko mai fassarar a tsaye, a tambaye shi inda wani rubutun hannu yake ko a karɓi adireshinsa. Ɗalibin digiri na biyu wannan minti ukun zai iya fiye masa mujalladi goma amfani. Lokacin kuma yana samuwa: zaman yawanci bayan Magariba ne, saye kuma ya fi daɗi tsakanin Azahar da La'asar, bayan motocin makarantu sun tafi kafin iyalai su fito. Lahadi zuwa Talata sun fi sauƙi. Daren Alhamis da Juma'a da Asabar ba na mai duba hashiya ba ne.

Mai yin tambaya a zauren ya rubuta ta tukuna, jimla biyu, da Larabcin fusha. Kada ya fara da doguwar gabatarwa, mai gabatarwa zai karɓe abin magana kafin ya kai ga tambayar.

Ga masu zuwa da yara: a rubuta lambar waya a saƙala a wuyan ƙaramin, a nuna wa babban wurin haɗuwa in an rabu. A ba kowane yaro kuɗinsa a hannu, ko riyal talatin ne, ya zaɓa da kansa, don wanda ya zaɓa shi yake karantawa. Uwa ta duba abu biyu kawai. Ɗaya, cikakken wasali ga ɗan ƙasa da shekara tara. Biyu, ta karanta shafi biyu da ƙarfi, domin wasu littattafan yara fassarar inji ce, jimlolin ba sa zama a baki. Rumfunan yara cike suke da kayan wasa da alƙaluma masu magana, kuɗi yana ƙarewa a can ba a sayi littafi ko ɗaya ba.

Dakta Rabi (Dammam): Ina goyon bayan Ummu Khalil, kuma taron karatu bai tsaya a kwana goman nan ba. A nan gabas cibiyar Ithra da ke Zahran tana da gasar karatu ta Aƙra'u ta ɗalibai, tana kuma shirya gudun fanfalaƙin karatu tare da ɗakin karatu na Iskandariyya da na ƙasar Maroko, inda ake dasa bishiya ɗaya a kan kowane shafi ɗari da aka karanta. Akwai kuma shirin Sharikul Adabi na ita hukumar adabin, wanda shagunan shan gahawa suke karɓar baƙuncin marubuta da zaman tattauna littafi a garuruwa da dama duk shekara. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan Larabcinsu ya isa su shiga duk waɗannan, abin da ya rage iyaye su kai su.

Abin da ke damuna shi ne Hausa. Yaro ya zagaye zaure mai ɗaruruwan rumfuna da wuya ya ga littafin labari ɗaya da harshen gidansu. Wannan sai dai mu sa masu zuwa Umara su riƙo mana daga Kano da Zariya. Kilo biyu a jakar mai zuwa littafin yara goma sha biyar ne.

Usman Mai Wurno (Jidda): Dakta, a ƙara da cewa yaranmu da yawa, na nan da na Sudan, suna jin Hausa amma ba su iya karanta boko ba, da harafin Larabci suka tashi. In an kawo littafin sai an zauna da su mako biyu a kan haruffan, musamman ɓ da ɗ da ƙ, ko kuma babba ya riƙa karanta musu da baki suna bi da ido.

Abu Safwan (Madina): To idan mu ɗalibai muna so mu kafa zaman karatu namu bayan mun dawo, yaya ake tsara shi ya ɗore?

Dakta Rabi (Dammam): Mutum takwas zuwa goma, kada ya wuce. Shafi arba'in zuwa sittin a mako, don wanda ya fi haka lokacin jarrabawa zai kashe zaman. Mutum ɗaya ya taƙaita cikin minti goma, sauran kowa ya zo da wuri ɗaya da ya ja wa layi, ko ya yarda da shi ko bai gane ba. Awa ɗaya da kwata a tashi. Kowa ya riƙe bugu ɗaya, shi ya sa ya kamata ku yanke littafin kafin ku tafi Jidda ku saye shi tare, kwafi goma a rumfa ɗaya ma ya fi jawo ragi. Ku fara da ƙaramin littafi da zai ƙare cikin mako shida.

Injiniya Bashir (Riyad): A kula da wuri. Taron jama'a da sanarwa a fili yana bukatar izini a ƙasar nan, haka ma karantarwa a masallaci. Ɗalibai su bi ta ofishin harkokin ɗalibai na jami'arsu a ba su ɗaki, hankalin kowa ya kwanta.

Malam Habibu (Madina): Dakta, a batun bugu ɗaya ina da ja, in littafin turasi ne, wato na malaman da. Gara a samu mutum biyu masu riƙe da wani bugu daban. Mai karatu yana karantawa, su suna bi, duk inda lafazi ya saɓa a tsaya a duba wanne ne daidai. Nan ne ɗalibi yake koyon cewa abin da aka buga ba wahayi ba ne, kuma nan ake kama faɗuwar layi, wadda ta fi yawa inda jimla biyu suka ƙare da kalma ɗaya, idon mai kwafi ya tsallake daga ta farko zuwa ta biyu. Lambar shafi kuwa ba matsala ba ce, da babi da fasali ake sanarwa.

Dakta Rabi (Dammam): Wannan zaman muƙabala ne Malam, wato gwada bugu da bugu, ba na tattaunawa ba, kuma shafi goma ba za ku wuce ba a zama ɗaya. Yana da kyau ga 'yan digiri na biyu. Waɗanda suka zo bana suna ma'ahadin koyon harshe, su a bar su da bugu ɗaya mai wasali tukuna, in sun sauke littafi biyu sai a shigo musu da na biyun.